IDO BA MUDU BA NE: BAYANI A KAN LAUNIN JINI DA YADDA AKE AUNA SHI A ASIBITI

1.0 GABATARWA

A bakin Bahaushe, farin jini abin nema ne, baƙin jini kuwa abin gudu. Wanda aka ce yana da farin jini, to, jama'a na son sa, kasuwarsa kuma tana ci. Wanda aka ce yana da baƙin jini kuwa, ko ruwa yake rabawa a tsakiyar bazara sai an sami mai kushe shi. Amma da zarar an shiga asibiti sai maganar ta juya. A can, idan malamin asibiti ya ja fatar idon yaro ƙasa ya ga cikinta ya yi fari fat, ba barka zai yi wa uwarsa ba, hankalinsa ne zai tashi, domin farin nan alama ce ta ƙarancin jini.

Bari mu ɗauki misali daga Garu, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, can dab da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar ta wajen Birnin Ƙonni. A ce a ƙarshen damina, lokacin da sauro ya fi yawa, wata uwa ta goyo yaronta zuwa ƙaramin asibiti bayan ya kwana uku yana zazzaɓi, ta ce, “Malam, duba mini shi, ina jin jininai ya ƙone.” Malamin ya buɗe tafin hannun yaron ya ga ya koɗe. Yanzu dole ya yanke hukunci: ya ba da magani a koma gida, ko kuwa ya tura su babban asibitin Illela, ko ma Sakkwato, a ƙara wa yaron jini? Kowane ɓangare ya kuskure akwai hasara. In ya tura wanda bai cancanta ba, ya sa an sayar da akuya an biya kuɗin mota a banza. In ya mayar da wanda ya cancanci ƙarin jini gida, mai yiwuwa ne yaron ba zai kwana biyu ba.

Wannan matsala ba ta gida ɗaya ba ce. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49. A ɓangaren mata Jihar Sakkwato ce ta fi kowace jiha, da kashi 74 cikin ɗari.

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu yadda masana kimiyya suka ƙera wa launin jini mudu, watau yadda suke haska jini da haske su mayar da launinsa lamba, da abin da lambar take nufi, da kuma wuraren da shi kansa mudun yakan yi kuskure.

2.0 JINI DA FUROTIN ƊIN DA KE CIKINSA

Jinin babban mutum yakan kai kimanin lita 5. Idan aka zuba kaɗan daga ciki a siririyar kwalba aka wulwula ta da ƙarfi a cikin na'ura, sai jinin ya rabu gida biyu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya-rawaya ya taso sama, shi ne za mu kira ruwan jini, kuma ya ɗara rabin jinin da kaɗan. Auna tsawon jajayen da suka kwanta shi ne gwajin da asibitocinmu suke kira PCV. Wannan gwaji da ma'aunin tsawo ake yin sa, ba da haske ba, saboda haka ba a kansa za mu tsaya ba.

Cikin waɗannan gidaje biyu akwai furotin iri-iri. Shi dai furotin sinadari ne da jiki yake ƙerawa ta hanyar jera wasu ƙananan sinadarai iri 20, kamar yadda ake jera ƙwayoyin carbi a zare, sa'an nan zaren ya nannaɗe ya ɗauki siffa tasa ta kansa. Jerin ƙwayoyin ne yake haifar da siffar, siffar kuma ita take ba furotin aikinsa. A cikin ruwan jini akwai albumin, wanda hanta take ƙerawa, shi ne yake riƙe ruwa a cikin jijiyoyi don kada ya tsiyaye cikin tsoka jiki ya kumbura. Akwai kuma furotin masu yaƙi da cuta, da masu daskarar da jini in an yi rauni. Dukkansu in an haɗa sukan kai giram 6 zuwa 8 a cikin kowace desilita, watau kashi ɗaya bisa goma na lita.

A cikin jajayen ƙwayoyi kuwa furotin guda ne ya cika wurin, sunansa himogulobin. Zare huɗu ne suka haɗu suka yi shi, kowane zare yana rungume da wani ƙaramin zobe mai ƙwayar ƙarfe guda a tsakiyarsa. A jikin ƙarfen nan iskar oksijin take maƙalewa idan jini ya bi ta huhu, sa'an nan ta sauka idan ya isa tsoka ko ƙwaƙwalwa. Ke nan himogulobin ɗan dako ne. Idan aka ce mutum yana da ƙarancin jini, abin da ake nufi a asibiti shi ne 'yan dakon nan sun yi kaɗan, ko da kuwa yawan ruwan da ke gudana a jijiyoyinsa bai ragu ba. Wani masani mai suna Max Perutz ne ya gano siffar wannan furotin a Kambirij ta ƙasar Ingila bayan aikin fiye da shekara ashirin, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1962.

3.0 HASKE DA LAUNI

Hasken rana da muke gani fari, a haƙiƙa gaurayen launuka ne, kuma bakan gizo shi ne shaidar haka. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu kuwa ita ce za mu kira zango. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, ana kuma auna shi da nanomita, wadda take kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. Shunayya da shuɗi suna wajen 400, kore yana ɗan sama da 500, ja yana wajen 700. Gaba da ja akwai wani haske da ido ba ya gani, amma na'ura tana jin sa. Za mu kira shi hasken bayan ja.

Idan haske ya faɗa kan wani abu, ɗayan uku ne yake faruwa: ko abin ya shanye shi, ko ya bar shi ya wuce, ko ya warwatsa shi. Turkuɗin da ya fito daga marina yana bayyana shuɗi ne domin baba ya shanye sauran launuka ya bar shuɗi ya dawo ido. Zoɓo yana barin jan haske ya ratsa shi, ya shanye kore. Koko kuwa ko an tsinka shi ba a ganin abin da ke bayansa, domin ƙananan ɓarɓashin da ke cikinsa suna warwatsa haske ne, kamar yadda hazon hunturu yake ɓoye gari.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kwalbar zoɓo sama ya duba ta a rana don ya ga ko mai sayarwa ta cika masa ruwa, to, ya riga ya san ƙa'idar da dukan wannan ilimi ya ginu a kanta. Gwargwadon kaurin zoɓon, gwargwadon hasken da zai shanye. Haka nan gwargwadon faɗin kwalbar, gwargwadon hasken da zai ɓace a hanya. Johann Lambert ya rubuta ɓangaren faɗin a shekarar 1760, August Beer kuma ya ƙara ɓangaren kaurin a shekarar 1852. Amfanin ƙa'idar shi ne, in an san faɗin kwalba, aka san yawan hasken da ya shiga da wanda ya fita, to, da lissafi kawai za a san yawan abin da ke narke a cikin ruwan.

4.0 DALILIN DA YA SA JINI YAKE JA

Zoben nan mai ƙarfe shi ne rinin jini. Yana shanye shunayya sosai a wajen nanomita 415, yana kuma shanye kore da ɗorawa, amma yana barin ja ya wuce. Abin mamaki shi ne launin yana sauyawa gwargwadon abin da ƙarfen yake ɗauke da shi. Himogulobin mai ɗauke da oksijin yana shanye haske a wurare biyu maƙwabta, wajen nanomita 542 da 577, yana kuma barin ja ya wuce kusan duka, shi ya sa yake ja wur. Wanda ya sauke oksijin ɗinsa kuwa wuraren nan biyu sukan haɗe su zama ɗaya a wajen 555, sa'an nan a nanomita 660 yana shanye jan haske kusan ninki goma na abin da ɗan'uwansa yake shanyewa, saboda haka sai ya yi duhu. Wani Bajamushe mai suna Felix Hoppe-Seyler ne ya fara bayyana wuraren shanyewar nan a shekarar 1862, kuma shi ya raɗa wa furotin ɗin suna. A shekarar 1864 George Stokes na Kambirij ya nuna cewa shiga da fitar oksijin ne suke sauya su.

Mai karatu ya sha ganin wannan da idonsa. Ranar layya, jinin da ya fara tsartuwa daga wuyan rago ja ne wur, domin bai daɗe da barin huhu ba. Jinin da wanzami yake zubarwa daga ƙaho kuwa duhu gare shi, har akan kira shi mataccen jini. Ta fuskar kimiyya duhun nan yana nufin cewa jinin ya sauke oksijin ɗinsa ne, ya kuma tsaya wuri ɗaya ya fara daskarewa. Jinin mai lafiya da na marar lafiya duk haka suke yi. Idan jini ya daɗe a kan tufa sai ya koma ruwan ƙasa, domin ƙarfen cikinsa ya yi wani sauyi mai kama da tsatsa, ba ya kuma iya ɗaukar oksijin.

5.0 YADDA AKA ƘERA MUDUN HIMOGULOBIN

Matakin farko shi ne a taimaki ido da abin kwatance. A shekarar 1900 wani likita ɗan ƙasar Finlan, Theodor Tallqvist, ya buga takarda mai jerin launukan ja, daga mai haske zuwa mai duhu, ana ɗiga jini a kan takarda mai tsotsa a gwada shi da jerin. A shekarar 1902 Hermann Sahli na ƙasar Suwizalan ya fito da wata hanya: a gauraya jini da ruwan asid ya koma ruwan ƙasa, sa'an nan a riƙa ɗiga masa ruwa har launinsa ya yi daidai da na wani gilashi da aka ajiye a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sabunta dabarar Tallqvist a shekarun 1990, ta fitar da kati mai launi shida, masu wakiltar giram 4, 6, 8, 10, 12 da 14, domin ƙauyukan da ba su da lantarki. Duk waɗannan sun fi duban tafin hannu, amma har yanzu ido ne alƙali, kuma mutum biyu sukan dubi ɗigo ɗaya su faɗi lamba biyu.

Mataki na biyu shi ne a sauke ido daga kujerar alƙalanci a ɗora na'ura. Ma'aunin haske abu uku ne a jere: fitila, da matatar da take zaɓen launi guda, da wani ido na lantarki wanda yake mayar da haske lamba, ana sa kwalbar jini a tsakani. Amma akwai cikas biyu. Na farko, ƙwayoyin jini suna warwatsa haske kamar koko, saboda haka dole a fasa su tukuna jinin ya zama garau kamar zoɓo. Na biyu, mun ga cewa himogulobin yana da launi fiye da ɗaya, to, wanne za a auna? David Drabkin da abokin aikinsa Austin suka warware wannan a Amurka a shekarun 1930. Sun haɗa wani ruwa wanda yake fasa ƙwayoyin, ya kuma mayar da kusan dukan nau'o'in himogulobin nau'i guda mai launi tsayayye, wanda ake aunawa a nanomita 540. Tun shekarun 1960 aka amince da wannan hanya ta zama uwar ma'auni, wadda ake gwada sauran da ita. Aibinta shi ne ruwan yana ɗauke da gubar sayanaid, kuma aikin yana buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararren ma'aikaci, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Mataki na uku shi ne a ƙanƙanta ɗakin gwajin ya shiga jaka. Kamfanin HemoCue na ƙasar Suwidin ya ƙera na'ura mai aiki da batir, wadda ake tsotsar ɗigon jini daga yatsa da ɗan ƙaramin faranti na roba a tura mata, ta ba da lamba cikin kimanin minti ɗaya. Samfurin da ake kira Hb 201 yana haska jinin da haske biyu, ɗaya a nanomita 570 don auna launi, ɗaya a 880 don cire kuskuren da gurɓacewa take kawowa. Da na'urar wannan kamfani aka yi binciken 2018 da muka ambata, gida-gida.

To, mece ce ma'anar lambar? A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba yana da ƙarancin jini in ya gaza giram 13 a desilita, mace marar ciki in ta gaza 12, yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar in ya gaza 11. A shekarar 2024 hukumar ta gyara ƙa'idar, ta mayar da iyakar yara masu wata 6 zuwa 23 giram 10.5, ga mai ciki kuma 11 ne a watanni ukun farko da na ƙarshe, 10.5 a na tsakiya. Ga ƙaramin yaro, ƙasa da 7 ƙaranci ne mai tsanani. Ƙasa da 4 ƙarin jini ya wajaba, haka nan tsakanin 4 da 6 in yaron yana numfashi da ƙyar ko ya fita hayyacinsa. Idan muka koma wa yaron nan na Garu, za mu ga cewa tafin hannu yana iya koɗewa ko jinin yana 8 ko yana 4, alhali na farko magani da abinci ne za su tashe shi, na biyu kuwa mota yake buƙata yanzu-yanzu.

6.0 NA'URAR DA AKE MAƘALAWA A YATSA

Tun zamanin annobar korona a shekarar 2020 mutane da yawa suka san ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai suna oksimita. Ita ba ta huda fata. A leɓenta na sama akwai fitilu biyu, ɗaya ja mai nanomita 660, ɗaya ta hasken bayan ja mai nanomita 940, a leɓen ƙasa kuma akwai idon lantarki. Himogulobin marar oksijin ya fi shanye jan, mai oksijin kuma ya fi shanye na bayan ja, saboda haka in an gwama abin da ya ratsa yatsa daga fitilun biyu za a san rabon kowanne.

Sai dai yatsa ba kwalba ba ne. Akwai fata da ƙashi da farce da tsoka, duk suna shanye haske. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano mafita a shekarar 1972. Ya lura cewa duk lokacin da zuciya ta buga, jijiyar da take kawo sabon jini tana ɗan kumbura, hasken da yake wucewa sai ya ragu kaɗan, alhali fata da ƙashi ba sa canzawa. Ke nan in na'ura ta yi watsi da abin da yake tsaye ta auna abin da yake bugawa kaɗai, to, jinin jijiya ta auna. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100. In aka sauka ƙasa da 90, ana buƙatar ba da oksijin.

Amfanin wannan a wurinmu babba ne. Littattafan likitanci suna koyar da cewa leɓen wanda oksijin ya ƙaranta masa yakan yi shuɗi, amma wannan alama da wuya a gan ta a baƙar fata. Bugu da ƙari, shuɗin ba ya bayyana sai himogulobin marar oksijin ya kai wajen giram 5 a desilita, saboda haka yaron da dukan jininsa giram 4 ne ba zai taɓa yin shuɗi ba, ko da ciwon huhu yana shaƙe shi.

Akwai wani abin lura wanda jama'a suke yawan ruɗewa a kansa. Oksimita ba ta ƙidaya 'yan dako, tana faɗin kashi nawa ne daga cikinsu suke ɗauke da kaya. A ce fatake biyu sun nufi kasuwar Illela, ɗaya da jaki goma, ɗaya da jaki uku, kowane jaki an labta masa kaya. In aka tambaya kashi nawa na jakunan ne suke da kaya, dukansu za su ce ɗari bisa ɗari, amma hatsin da zai isa kasuwa ba ɗaya ba ne. Haka yaron da jininsa ya ƙone yana iya nuna 98 a oksimita alhali yana bakin mutuwa. Na'urorin biyu tambaya biyu suke amsawa, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

7.0 FUROTIN MARASA LAUNI, DA SIKILA, DA ZAZZAƁI

Albumin da 'yan'uwansa ba su da launin da ido yake gani, saboda haka sai a rina su tukuna. Don auna dukan furotin na ruwan jini ana zuba wani ruwa mai sinadarin tagulla, wanda yake komawa shunayya gwargwadon yawan furotin, a auna shi a wajen nanomita 540. Don auna albumin shi kaɗai ana amfani da wani rini wanda yake kama shi ya koma kore mai shuɗi-shuɗi. Albumin na mai lafiya yana tsakanin giram 3.5 da 5 a desilita, raguwarsa kuwa tana sa likita ya binciki hanta, ko ƙoda, ko tamowa.

Cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, tana tasowa ne daga sauyin ƙwayar carbi guda ɗaya tak a zaren himogulobin, kamar yadda Vernon Ingram ya tabbatar a shekarun 1950. Launin wannan himogulobin bai bambanta da na kowa ba, amma in an cire masa oksijin sai ya ƙi narkewa ya dunƙule. A ɗakin gwaji akan zuba jini a ruwan da yake cire oksijin, a ɗora kwalbar a gaban takarda mai baƙaƙen layuka. In ana ganin layukan ta cikin ruwan, babu nau'in S; in ruwan ya yi dishi-dishi kamar koko, akwai shi. To, amma wannan gwaji ba ya bambance mai AS, wanda lafiyarsa ƙalau, da mai SS, wanda yake fama da cutar. Masu niyyar aure ya kamata su san wannan, su nemi gwajin da yake rarrabe nau'o'in himogulobin ɗaya bayan ɗaya, kada a ɗaura ko a fasa aure a kan rabin amsa.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa abincinta himogulobin ne. Tana cinye zaren ta tara zoben ƙarfen ya zama baƙin ɓarɓashi, kuma ganin ɓarɓashin nan ne ya taimaki likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya gano ƙwayar a Aljeriya a shekarar 1880. Ɗan katin gwajin zazzaɓi da ake gani a ƙananan asibitoci shi ma da launi yake magana: yana kama wani furotin da ƙwayar take zubarwa cikin jini, sai jan layi ya bayyana. Furotin ɗin yakan yi makonni a jini bayan an warke, don haka layi biyu ba kullum yake nufin magani bai yi aiki ba.

8.0 INDA MUDU YAKE KUSKURE

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san cewa mudu ma yakan lotse. Na farko akwai zafi. Farantan Hb 201 suna ɗauke da busasshen sinadari wanda ake son a ajiye shi tsakanin digiri 15 da 30, alhali a ƙasar Illela zafin bazara yana wuce digiri 40. Saboda irin wannan ne kamfanin ya fito da samfurin Hb 301, wanda farantansa ba su da sinadari. Na biyu akwai hannun ma'aikaci. In ya matse yatsan yaro da ƙarfi don jini ya fito, ruwan tsoka yakan gauraya da ɗigon ya tsinka shi, lambar ta faɗi ƙasa da gaskiya; in yaron ya yi gudawa ya bushe, lambar takan hau sama da gaskiya.

Oksimita ita ma tana da nata. Yatsa mai sanyi a hunturu, da motsin yaro, da hasken rana mai ƙarfi, duk suna ruɗa ta. Jan lalle bai cika hana ta aiki ba, amma baƙin ƙunshi da fentin farce suna iya tare haskenta, sai a nemi yatsan da ba a yi wa ba. Mafi haɗari shi ne hayaƙin janareta, ko na gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa tana kama himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma a ƙarƙashin jar fitila launinsu kusan ɗaya ne, saboda haka na'ura tana iya nuna lamba mai kyau ga mutumin da hayaƙi yake kashewa.

Akwai kuma kuskuren da ya shafe mu kai tsaye. Ana daidaita oksimita ne ta hanyar gwada ta a jikin masu sa kai, kuma shekaru da yawa mafi yawansu fararen fata ne. A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Mishigan suka buga binciken da ya nuna cewa a lokutan da na'ura take nuna 92 zuwa 96, gwajin jinin jijiya ya sami ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, amma kashi 3.6 kacal na awon farare. Watau na'urar ta fi ɓoye haɗari ga mai baƙar fata kusan ninki uku, domin rinin fata shi ma yana shanye haske. A watan Janairu na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'ida mai neman a riƙa gwada na'urorin a kan launukan fata iri-iri. Wannan ba dalilin jefar da oksimita ba ne, domin ko a hakan ta fi ido nesa ba kusa ba. Dalili ne na cewa in na'ura ta ce 93, yaro kuma yana numfashi sama-sama, to, a gaskata yaron.

9.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa jan jini ya samo asali ne daga zoben ƙarfen da ke cikin himogulobin, cewa launin yana sauyawa da shiga da fitar oksijin, da kuma cewa daga katin Tallqvist har zuwa oksimita ƙa'ida guda ake bi, ita ce ta mai duban zoɓo a rana. Idon uwa ne yake fara ganin yaro ya koɗe, na'ura ce take faɗin iyakar koɗewar, malamin asibiti kuma shi yake haɗa lambar da halin da yaron yake ciki ya yanke hukunci.

Saura aiki guda wanda ya rataya a wuyan ɗaliban harshe. Uwar nan ta Garu, in an miƙa mata takarda an rubuta 5.8, ba ta da hanyar sanin ko ta gode ko ta ruga, kuma “jininsa ya yi ƙasa” jimla ce da ake faɗa wa mai 10 da mai 4 baki ɗaya. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su zango, da hasken bayan ja, da 'yan dako, shawara ce muka gabatar, malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai suna iya gyara su ko su kawo waɗanda suka fi su. Abin da ake bukata shi ne a kai ga ranar da malamin asibiti zai iya ce mata, “Inna, jinin yaro mai lafiya mudu goma sha ɗaya ne, na ɗanki bai kai shida ba, ga shi kuma yana haki, tashi mu nemi mota,” ita kuma ta fahimta tun kafin ya rufe baki.